Tambaya da Amsa: Wai mene ne "blockbuster"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah me ake nufi da "blockbuster"? Kusan duk tallar fim da na gani a YouTube sai an rubuta shi, har da na Indiya da ake fassarawa. Fim mai kyau ake nufi ko mai tsada? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ai kalmar ma ba a harkar fim aka haife ta ba, sunan bom ce. A yaƙin duniya na biyu jiragen yaƙin Ingila sun riƙa jefa wa biranen Jamus wasu manyan bama-bamai masu nauyin kusan kilo 1,800, sai jaridu suka laƙaba musu wannan suna don wai ɗaya kaɗai zai iya rushe rukunin gidaje sukutum. Daga baya 'yan talla suka are ta suka ɗora wa duk fim ko littafin da ya tayar da ƙura ya kwashi kuɗi.

Yadda ake amfani da ita yau kuwa Jaws ne ya kafa ta, fim ɗin kifin nan mai cin mutane na Steven Spielberg da ya fito a 1975. An sake shi a gidajen sinima sama da 400 lokaci guda a Amurka, aka cika talbijin da talla, jama'a suka yi ta bin layi wasu ma su koma su sake kallo, har ya haura dala miliyan 100, shi kenan kamfanoni suka gane hanya, a zuba kuɗi, a yi labarin da yaro da babba kowa zai gane, a sake shi lokacin hutu.

To kin ga maganar ta cunkoso ce da ciniki, ba shaidar inganci ba ce sam, fim zai iya zama shirme amma ya ci sunan. Shi ya sa dariya suke ba ni masu liƙa ta a fim ɗin da ko fitowa bai yi ba, wa ya kalla balle a ƙirga kuɗin? Gaskiya dai Turawan ma sun saba kiran fim mai tsada haka tun kafin ya fito, kuma wani lokaci a sha ƙasa, kamar John Carter na 2012 da ya jawo wa Disney asarar kusan dala miliyan 200. A Indiya sai an duba abin da fim ya samo kan abin da aka kashe sannan 'yan kasuwar su ba shi wannan matsayi.