Ciwon jikin da gwaji ba ya gani: tambayoyinku kan faibromiyaljiya da damuwa

Likita, na fi shekara biyu ina fama da ciwon jiki tun daga wuya har ƙafa. An yi gwajin jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Daga ƙarshe aka ce faibromiyaljiya ce, wai damuwa ce ke jawo ta. Ke nan a zuciyata kawai ciwon yake?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ciwonki na gaske ne, kuma ba ke kaɗai ba ce: kusan mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna da wannan lalura, mata sun fi yawa a cikinsu. Gwaji bai nuna komai ba ne saboda matsalar ba a tsoka ko gaɓa take ba. Tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne, ɗan taɓi kaɗan sai jiki ya ji shi da ƙarfi.

Damuwa tana cikin abubuwan da ke ƙure wannan murya. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba ko baƙin ciki, jikinsa yana zama cikin shirin ko-ta-kwana, tsoka ta ɗaure, barci ya lalace. Barcin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Tun a 1975 wani likita a Kanada, Harvey Moldofsky, ya nuna cewa idan aka riƙa katse wa lafiyayyun mutane barci mai nauyi, sai su wayi gari da ciwon jiki irin wannan. Amma ba damuwa kaɗai ba ce, akwai gado, kuma wasu bayan hatsari ko wata rashin lafiya ta fara musu. Ki tabbatar dai an duba miki ƙarancin jini da aikin thyroid (halittar da ke wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo) da cututtukan gaɓoɓi, don suna iya kama da ita.

Matata ta fara wannan ciwo bayan rasuwar mahaifiyarta. Wata rana ta wuni tana aiki garau, washegari ta kasa tashi. Dangina sun ce son jiki ne. Yaya zan yi?

Malam, Allah ya jiƙanta, kai kuma ya saka maka da ka tambaya. Abin da ka kwatanta shi ne ainihin halin ciwon. Ranar da ta ji dama-dama sai ta ce bari ta rama duk aikin da ya taru, jiki kuma ya biya bashin da kwana biyu a kwance. Mai son jiki ba ta yin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryata ta da ake yi. Mace tana ɗauke da makoki, ga yara, ga aiki, sannan kullum sai ta kare kanta cewa ba ƙarya take ba. Wannan ma wata damuwar ce da ke ƙara zafin. Ka tsaya mata a gaban danginka. Ku raba aikin gida yadda za ta yi kaɗan kullum ta huta kafin ta gaji. Ka riƙa raka ta tattaki, ko na minti 10 ne, a ƙara a hankali, domin a shawarwarin ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai motsa jiki ne ya fi kowane magani samun goyon baya. Idan ka ga ta daina jin daɗin komai, ko tana zancen gara ta mutu, ka kai ta asibiti a ranar.

An rubuta min amitriptyline, na karanta na ga maganin ciwon baƙin ciki ne, sai na ƙi sha. An kuma ce in ga likitan halayyar ɗan'adam. Ni fa lafiyar ƙwaƙwalwata ƙalau.

Na yarda, Hajiya. Ana ba da shi ne kaɗan da dare don ya gyara barci ya rage zafi, haka ma wani maganin mai suna duloxetine yana aiki a kan jijiyoyin da ke danne saƙon ciwo. Ba kowa suke yi wa amfani ba, kuma amitriptyline kan sa bushewar baki da kasala da safe, don haka ki koma ki faɗa wa likitanki fargabarki. Zuwa wajen likitan halayya kuwa, koyo za ki yi: yadda za ki katse tunanin "ba zan taɓa warkewa ba" idan ya taso, da yadda za ki tsara barci da aiki. Ki guji sayen magungunan kashe zafi masu sa maye, ba sa magance wannan ciwo, sai dai su zame miki jaraba.

Shin wannan ciwo zai nakasa ni nan gaba?

Ba ya cinye gaɓa, ba ya shanye jiki. Yakan tashi ya lafa, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai idan barci ya daidaita suka riƙe motsa jiki. Amma idan kika ga kumburin gaɓa, zazzaɓi ko rama, kada ki ɗora wa faibromiyaljiya, ki je a duba ki.