Zauren Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Shirya Baje Kolin Ayyukan Yi Ga Ɗaliban Injiniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji huɗu a tsangayar injiniya ta ɗaya daga cikin jami'o'inmu, kuma 'yan'uwana ɗalibai sun ɗora mini shugabancin kwamitin da zai shirya baje kolin ayyukan yi na bana. Bara ma an yi, sai dai mun aika wa kamfanoni da dama takardar gayyata, 'yan kaɗan suka zo, mafi yawansu kuma bankuna ne da suka zo buɗe wa ɗalibai asusu. Jawaban manyan baƙi suka cinye safiya har azahar, bayan salla kowa ya kama gabansa, kuma har yau ban ji wanda ya samu aiki ko wurin koyon aiki ta dalilin taron ba. Saura wata huɗu. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu shawo kan kamfanoni su zo?

Ɗalibinka daga Rijiyar Zaki, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, domin abin da aka ɗora maka ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Abin da ka bayyana game da bara shi ne abin da Bahaushe ke kira taron tsintsiya ba shara, kuma ina ganin asalin matsalar ita ce an shirya biki ne alhali abin da ake bukata kasuwa ce, wato wurin da mai neman ma'aikaci da mai neman aiki za su zauna fuska da fuska su daidaita. Saboda haka kafin ku buga takarda ko guda ɗaya, ku zauna a kwamiti ku amince da ma'aunin da za ku auna kanku da shi, kuma shawarata ita ce ma'aunin ya zama yawan guraben da kamfanoni suka rubuta cewa za su bayar, da yawan ɗaliban da suka shiga waɗannan guraben bayan wata uku. Yawan rumfuna da yawan manyan baƙi ba sa cikin lissafi.

Sannan ku faɗa wa kanku gaskiya game da irin gurbin da ake samu a taro irin wannan. Da wuya kamfani ya ɗauki ɗalibin da bai gama karatu ba aiki na dindindin, tunda karatun injiniya shekara biyar ne, bayansa kuma akwai shekarar hidimar ƙasa wadda manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mutum sai ya nuna shaidarta. Abin da yake hannunku shi ne gurbin koyon aiki na SIWES, shirin da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, wanda a yawancin jami'o'i ɗaliban injiniya ke yin wata shida a kansa a aji huɗu. Kowa ya san yadda ɗalibai ke yawo da takarda daga ofis zuwa ofis idan lokacin ya zo, wasu har su ƙare a wurin da ba abin da suke yi sai sa hannu a littafin halarta. Idan taronku ya samar wa ɗalibai hamsin wurin da za su taɓa inji da hannunsu ƙarƙashin injiniya na gaske, to ya biya kuɗin sabulu. Bayan wannan akwai gurbin aikin hutu ga 'yan aji uku, da matsalolin masana'anta da 'yan aji biyar za su iya ɗauka a matsayin aikin binciken kammala karatu, wanda sau da yawa shi ne ƙofar da ake bi a zama ma'aikacin kamfanin daga baya. Game da hidimar ƙasa kuwa, ku tuna cewa ɗan asalin Kano galibi wata jihar ake tura shi, don haka kamfanin da ke da rassa a wasu jihohi ya fi amfani ga 'yan aji biyar a wannan fannin.

Yanzu ga batun waɗanda za ku gayyata. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su jera sunayen manyan kamfanonin mai da na sadarwa waɗanda hedikwatarsu ke Legas ko Abuja, su aika takarda, su zauna jira. Irin waɗannan kamfanoni suna ɗaukar ma'aikata ne ta intanet a lokacin da suka tsara wa kansu, kuma ofishinsu na Kano ba shi da ikon yi wa kowa alkawari. Ku gayyace su, ba laifi, amma kada ku ɗora taron a kansu. Masu bukatarku na nan kusa da ku, a Sharaɗa da Bompai da Challawa da Tokarawa, inda ake sarrafa robobi da fata, ake matsar mai, ake cashe shinkafa, kuma masana'antu da dama daga cikinsu suna da janareta da tukunyar tururi da injinan da ke lalacewa a tsakiyar aiki. Ga kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO wanda ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, ga tashar kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, da ke Kumbotso, ga Hukumar Ruwa ta Jiha da matatar ruwanta ta Tamburawa, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da madatsun Tiga da Challawa, wadda ɗaliban injiniyan noma da na gine-gine suke da abin koyo a wurinta. Akwai kuma 'yan kwangilar da ke aiki a kan manyan ayyuka irin su layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614.

Kada kuma ku raina ƙananan kamfanoni, musamman masu kafa sola da masu haƙa rijiyar burtsatse da ofisoshin injiniyoyi masu zane da sa ido kan gini. Mai irin wannan kamfani shi da kansa zai zo, kuma idan yaro ya burge shi, a nan take zai ce masa ya zo ranar Litinin, ba tare da jiran izinin kowa ba.

Yadda za ku kai gayyatar ya fi abin da ke cikinta muhimmanci, domin takardar da aka ajiye wa maigadi a ƙofar masana'anta ba ta cika wuce ɗakin maigadin ba. Zuwa da kai ya fi aike, amma ɗalibi shi kaɗai ba ya samun ganin manaja, don haka ku nemi waɗanda za su yi muku jagora. Na farko shi ne shugaban tsangaya, wanda ya kamata takardar ta fita da sa hannunsa a kan takardar jami'a, tare da izinin sashen kula da harkokin ɗalibai. Na biyu ofishin SIWES na jami'arku, domin suna da jerin kamfanonin da suka taɓa karɓar ɗalibai da sunayen waɗanda suka kula da su, kuma wannan jerin ya fi duk wanda za ku tattaro da kanku. Na uku reshen Kano na ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, wadda aka kafa tun 1958, da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da majalisar 'yan kasuwa ta KACCIMA mai shirya kasuwar baje koli a titin gidan Zoo. Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka tasiri a gari irin Kano inda ake harka da sanayya, su ne tsofaffin ɗaliban tsangayar. Ku bi malamanku ɗaya bayan ɗaya ku tambaye su wane ɗalibinsu ne ke aiki a wane kamfani, sannan ku roƙi malamin ya buga masa waya da kansa, domin mutum yana iya share takardar kwamiti amma da wuya ya ƙi amsa kiran wanda ya duba masa aikin bincikensa.

Idan kun samu shiga, ku tafi da takarda mai shafi ɗaya da kamfani zai cike: gurbi nawa zai bayar, a wane fanni, na wata nawa, ko akwai alawus na mota da abinci, da kuma wa zai kula da ɗalibin. Ku roƙi a turo injiniyan da ke aiki a cikin masana'antar tare da jami'in kula da ma'aikata, domin jami'in talla ba zai iya bambance ɗalibin da ya san aiki da wanda ya haddace ba. Tambayar ko kamfanin yana da injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, tana da amfani ga 'yan aji biyar, saboda hukumar, wadda aka kafa a 1970, tana neman shaidar aƙalla shekara huɗu ta aikin injiniya bayan kammala karatu kafin ta yi wa mutum rajista, kuma wanda ya yi aikin ƙarƙashin injiniya mai rajista ya fi samun sauƙin kare abin da ya rubuta game da aikin nasa a gaban hukumar.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Kada ku karɓi ko kwabo daga ɗalibi, kuma a wannan shekarar kada ku caji kamfanin da ya zo da gurbi. Wanda ya zo tallar hajarsa, kamar bankunan bara, shi ne zai biya kuɗin teburi, a kuma ajiye shi nesa da tsakiyar zaure. Duk abin da ya shigo ya bi ta asusun ƙungiya da sanin malamin da ke ba ku shawara, kada ya shiga asusun wani ɗan kwamiti. Haka nan ku duba rajistar duk kamfanin da ba ku sani ba a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku kuma sanar a fili cewa duk wanda ya nemi ɗalibi ya biya kuɗin fom za a tashe shi daga teburinsa.

Ku zaɓi ranar Talata ko Laraba, ku kauce wa Juma'a da watan azumi da makon jarrabawa, kuma ranar ta faɗo aƙalla wata biyu kafin 'yan aji huɗu su fita koyon aiki, in ba haka ba guraben za su zo bayan kowa ya riga ya samu wuri. Zaure mai fanka ya fi rumfa a fili, ko don zafin Afrilu ko don iskar farkon damina da ke ɗauke rumfa da abin da ke ƙarƙashinta. Game da jawabai, na san ba za ku iya hana shugabannin jami'a magana ba, kuma bai ma dace ba, amma kuna iya buɗe teburan tun ƙarfe 9 na safe, a yi bikin buɗewa na rabin sa'a a wani ɗaki dabam, sannan ku zagaya da manyan baƙin su ga abin da ake yi. Injiniyan da ya baro masana'antarsa ba zai wuce la'asar ba, saboda haka kowace sa'a da aka ba jawabi an cire ta ne daga lokacin ganawa da ɗalibai. Ku raba ɗalibai bisa sashe da lokaci don kada mutum ɗari su taru a kan teburi ɗaya, ku kuma ware ƙananan ɗakuna biyu ko uku inda kamfani zai iya zama da wanda ya burge shi na minti goma.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mako biyu kafin taron ku shirya zama inda malamai da tsofaffin ɗalibai za su duba takardar CV ta kowane ɗalibi, a rage ta zuwa shafi ɗaya, a cire dogon jerin makarantun firamare da sunan ƙaramar hukuma, a sa abin da mutum ya taɓa haɗawa ko gyarawa ko zanawa da manhajar da ya iya, ko AutoCAD ce ko MATLAB. Ku ware gefe guda na zauren ga ayyukan ɗalibai da ke aiki da gaske, domin injin da ke juyawa a gaban manaja ya fi takarda saurin jawo tambaya.

Aikin kwamiti ba ya ƙarewa da kwashe kujeru. A cikin mako guda ku aika wa kowane kamfani takardar godiya tare da sunayen ɗaliban da ya nuna sha'awarsu, da izinin ɗaliban, bayan wata ɗaya ku sake tuntuɓa, bayan wata uku kuma ku rubuta rahoton wanda ya samu gurbi da inda ya samu. Ku ajiye kwafi a ofishin shugaban tsangaya tare da lambobin waɗanda kuka yi hulɗa da su, saboda kai da 'yan kwamitinka za ku gama ku tafi, kuma da alama rashin irin wannan rahoton ne ya sa bana kake farawa daga tushe.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan lantarki. A irin wannan taro sai in ga maza sun cika gaban teburi, idan kuma na samu isa, wasu wakilan sai su nuna aikin fili ba na mata ba ne. Me zan yi?

Ɗalibarka daga Gwammaja, Kano.

Amsa: 'Yata, rabin maganin yana hannun masu shirya taro, kuma raba lokaci bisa sashe da na ambata a sama zai rage turereniyar. Ki nemi kwamitin su gayyaci ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN su ba ta teburi, domin a can za ki haɗu da matan da suka riga ki shiga tashoshin wuta da masana'antu, waɗanda suka san kamfanonin da ke karɓar ɗalibai mata ba tare da jan rai ba. Ke kuma ki nemi jerin kamfanonin tun kafin ranar, ki zaɓi uku, ki karanta abin da suke yi, ki je da wuri kafin cunkoso. Idan wakili ya fara zancen wahalar fili, ki mayar da hirar kan aiki: ki nuna masa hoton abin da kika haɗa a ɗakin gwaji, ki tambaye shi irin na'urorin kariya da suke amfani da su a layinsu, sannan kafin ki tashi ki nemi sunan injiniyan da ke kula da ɗaliban SIWES a kamfanin da kuma ranar da za ki kai masa takardarki.