Filin Tambaya da Amsa: Yaya zan canza imel ɗin da nake shiga kont da shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk kan abu ɗaya suke, wato imel ɗin da mutum ya buɗe Facebook ko Instagram ko wani kont, wato asusunsa na intanet, da shi tun tuni, yanzu yana son ya cire shi ya sa wani. Na zaɓi guda biyar, sauran ku duba ciki zaku ga taku amsar.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan kasuwa a Garwa:

"Malam barka da aiki. Ni ina saida shadda da atamfa a babbar kasuwa, Facebook ɗina wani yaro ne ya buɗe min a siber tun da daɗewa kuma da imel ɗinsa na yahoo.fr ya buɗe don lokacin ban san komai ba, yanzu kwastomomina har daga Ngawundere da Njamena ta nan suke nemana, kuma yaron ya bar gari ance yana Duwala. Ɗana ya buɗe min Gmail nawa na kaina. Yaya zanyi in cire nashi in sa nawa ba tare da na rasa shafin ba?"

Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara kasuwa. Abin da kake so yana yiwuwa kuma ba sai ka biya kowa ko sisi ba, amma akwai tsari, in aka juya tsarin nan ne ake kuka. Sabon ake fara sawa, a tabbatar ya zauna, sannan a cire tsohon. Mutane da yawa suna fara goge tsohon don haushi, sai rezo ya ɗauke ko kod ya ƙi zuwa, sun saki reshe sun kama ganye kenan.

Tunda wayoyinmu a nan galibi da Faransanci suke, bari in faɗa maka sunayen yadda zaka gansu. Ka buɗe Facebook ka shiga Paramètres, a sama zaka ga Espace Comptes, ka danna, sai Informations personnelles, sai Coordonnées. Nan ne lambar waya da imel ɗin da ke kan kont ɗin suke, zaka ga na yaron a rubuce. Kar ka taɓa shi tukuna. Ka zaɓi ƙara sabon imel, ka rubuta Gmail ɗinka harafi bayan harafi, kar ka yi sauri a nan don ɗigo ɗaya ko harafi ɗaya in ya kuskure kod ɗin wajen wani baƙo zai tafi. Zasu turo maka kod cikin Gmail ɗin, in baka ganshi ba ka leƙa Spam, yawanci can yake maƙalewa, ka kwafo ka sa. In yace maka wannan imel ɗin ana amfani da shi a wani kont, to ɗanka ya riga ya buɗe wani Facebook da shi, sai an cire shi daga can ko a buɗe maka wani imel ɗin, Facebook biyu basa zama kan imel ɗaya.

Bayan ya karɓa, ka fita daga kont ɗin gaba ɗaya ka sake shiga da sabon imel ɗin, da idonka ka ga ya buɗe. Sai a lokacin zaka koma Coordonnées ka goge na yaron.

Amma fa Alhaji aikin bai ƙare nan ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna. Idan aka yi irin wannan canjin ana aika sanarwa zuwa tsohon imel ɗin, cewa an canza kaza, in ba kai bane danna nan. An yi haka ne don kare mutane daga ɓarayi, to amma a wajenka tsohon imel ɗin hannun wani yake. Don haka in kana da lambar yaron ka kira shi da mutunci ka gaya masa zai ga saƙo kar ya danna komai, yawancin yaran nan ba mugaye bane, taimako suka yi lokacin da babu wanda ya iya. Sannan a ranar ka canza kalmar sirri, don kusan tabbas shi ya zaɓa maka ita kuma ya santa, ka shiga wajen tsaro ka duba jerin wayoyi da kwamfutocin da kont ɗin yake buɗe a kansu ka fitar da duk wanda baka sani ba, ka kunna tsaro mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an turo maka kod kafin a shiga, da lambarka ta MTN ko Orange wadda aka yi rajista da katin ɗan ƙasarka, ba layin da ka ara ba. In kuma shafin kasuwanci ne daban kake da shi, ka duba waɗanda ke da ikon gudanar da shi, sau tari wanda ya buɗe yana nan a ciki shekara da shekaru mai shago bai sani ba.

Wani abu game da yahoo.fr, tunda mutanen Kamaru da yawa da shi suka fara. A 2013 Yahoo ya saki sunayen imel ɗin da suka shekara ba a shiga ba, ya bar wasu mutane suka ɗauka. Kenan imel ɗin da aka watsar ba lallai ya mutu ba, yana iya komawa hannun wanda baka taɓa gani ba, kuma duk kont ɗin da ke rataye da shi ya shiga haɗari. Wannan kaɗai ya isa dalilin kar ka jinkirta.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Marwa:

"Malam dan Allah a taimaka, Gmail ɗina tun ina lise na buɗe da wani sunan wasa da ƙawaye ke kirana, wlh yanzu kunya nake ji in rubuta shi a takardar neman aiki. Zan iya canza sunan ba tare da hotuna da lambobina sun ɓace ba?"

Ƙanwata ba ke kaɗai bace, na ga adireshi iri iri a wannan aikin, wasu in ka karanta sai ka yi dariya kai kaɗai. Abu biyu ne a nan da ake haɗawa. Akwai sunan da mutum yake gani in kin aika masa saƙo, wannan kina iya gyara shi yau ɗin nan cikin minti biyu a Informations personnelles na kont ɗin Google. Akwai kuma adireshin kansa, wanda ke zuwa kafin @gmail.com. Shi wannan shekara da shekaru Google bai yarda a taɓa shi ba, sai ƙarshen 2025 ya fara buɗe wa mutane a hankali a hankali, kuma wanda ya samu damar tsohon adireshin nasa baya mutuwa, saƙon da aka aika can yana ci gaba da shigo masa. Ki leƙa wajen imel a wancan shafin, in ya baki dama to falillahil hamdu, ki zaɓi sunanki na gaskiya ki natsu wajen zaɓa don ba abu bane da ake canzawa kullum.

In bai baki ba kar ki wahalar da kanki, ki buɗe sabon Gmail da cikakken sunanki, ki ƙara shi a wayar kusa da tsohon, waya ɗaya tana ɗaukar kont biyu har fiye. Sabon na aiki da takardu, tsohon ya ci gaba da riƙe kayanki. Kina iya sa tsohon ya riƙa tura duk saƙon da ya shigo zuwa sabon, amma wannan saitin baya cikin manhajar waya, sai kin buɗe Gmail a kwamfuta ki nemi Transfert.

Abin da nake roƙonki shine kar ki goge tsohon. Lambobin mutanenki, hotuna, abin da kika ajiye a Drive, har ajiyar hirarrakin WhatsApp duk a kansa suke, kuma WhatsApp baya dawo da hira sai da lamba ɗaya da kont ɗin Google ɗin da aka yi ajiyar da shi. Kuma ki riƙa leƙa shi lokaci lokaci, don tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da dokar cewa kont ɗin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba yana iya share shi. In kuma kin riga kin bada tsohon adireshin a wani dosiye na jarabawa ko neman aiki, can zasu amsa miki, basu san kin yi sabo ba.

Tambaya ta uku, daga wani ma'aikaci a Njamena:

"Malam kwantiragina da wata ƙungiya zai ƙare ƙarshen wata, kuma da imel ɗin ofis na buɗe LinkedIn da wasu abubuwa. Akwai matsala?"

Akwai, babba ma. Imel ɗin ofis na ofis ne, ranar da ka ajiye aiki suna iya rufe shi kuma ba laifi suka yi ba. Yau ka zauna ka buɗe akwatin, ka rubuta kalmomi irin su bienvenue ko confirmation a wajen nema, zasu fito maka da wuraren da ka yi rajista har waɗanda ka manta. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, don canza imel a LinkedIn baya canza shi a banki ko wajen sayen tikitin jirgi, kowa da nasa littafin. Fara da na kuɗi. Ɗaliban jami'ar Marwa da Ngawundere masu amfani da imel ɗin makaranta ko na wajen horo, ku ma maganar ta shafe ku.

Tambaya ta huɗu, daga wani direba a Kusiri:

"Malam ni kullum ina tsallaka gadar Ngeli, ina da layin Kamaru da na Cadi. Hotmail ɗina da layin Cadi na haɗa shi kuma layin ya ɓace min watanni da suka wuce, yanzu ina so in canza imel ɗin shiga amma sai yace zai tura kod zuwa lamba mai +235 wadda bata hannuna."

Ɗan'uwa sannu da hanya. Kafin komai je ofishin kamfanin layin a Njamena da takardar shaidar da ka yi rajista da ita ka ce a dawo maka da lambar, ko Airtel ne ko Moov, wannan ita ce hanya mafi sauri in dai ba a riga an ba wani lambar ba, don layin da ya daɗe a kashe kamfanoni suna sake saida shi. Kar ka bari ya ƙara kwana.

In layin ya tafi kenan amma ka san kalmar sirri, wajen da yake tambayar kod ɗin akwai zaɓin cewa baka da wannan lambar yanzu, sai ka bada ta Kamaru mai +237. Microsoft, kamfanin da ke da Hotmail, zai sa ka jira kwana 30 kafin sabuwar ta fara aiki. Nasan da ciwo, amma ka tuna da ɓarawo ne ya shiga yana son ya sa tasa lambar, wannan kwana 30 ɗin ne zai cece ka. Kar ka biya wani a bakin titi da yace zai gajarta maka, ba mai iyawa. Bayan wa'adin ya cika sai ka ƙara sabon adireshi a matsayin laƙabi na biyu, ka maida shi na farko, kayanka duk suna nan ba abin da zai motsa. Tsohon na hotmail kuma ka barshi a jerin, in ka goge shi ba zaka sake samunsa ba. Kuma kai da kake yawo tsakanin ƙasa biyu, ka sa imel na biyu a matsayin hanyar ceto, kar ka dogara da sim kaɗai, kod ta SMS wani lokaci bata zuwa in kana ɗaya gefen kogin.

Wani kuma daga Gider ya tambaya ko WhatsApp ma da imel ake shiga. A'a, da lamba ne, in zaka canza layi ka yi amfani da Changer de numéro tun tsohon kont ɗin yana buɗe a wayar.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata Hajiya a Ngawundere:

"Malam cikin dare saƙo ya shigo min wai an canza imel ɗin Instagram ɗina, ni kuma ban canza komai ba. Me zanyi?"

Hajiya kar ki danna komai cikin saƙon tukuna, don masu damfara ma irin wannan saƙon suke ƙirƙira su tsorata mutum ya rubuta musu kalmar sirrinsa da hannunsa. Ki buɗe manhajar Instagram ɗin da kanki ki duba Coordonnées. In imel ɗinki yana nan yadda kika barshi, saƙon ƙarya ne, ki goge, ki canza kalmar sirri don hankalinki ya kwanta. In kin ga wani adireshi da baki sani ba ko kuma an riga an fitar dake, to ki koma kan saƙon ki duba wanda ya aiko, na gaskiya daga security@mail.instagram.com yake zuwa, kuma cikinsa akwai wajen da zaki danna ki soke canjin, ki yi shi a take kar ki ce sai yara sun dawo daga makaranta. Bayan nan ki canza kalmar sirrin imel ɗin kansa ba na Instagram kaɗai ba, don sau da yawa ta can aka shigo, sannan ki sanar da 'yan'uwa da abokan cinikinki ta WhatsApp cewa duk wanda ya ga saƙo da sunanki ana neman ya tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo ya kira ki da murya kafin ya tura.