Ina da digiri, wai har yanzu ban zama malami ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ina da digiri a kemistiri, kuma shekara huɗu ke nan ina koyar da 'yan babbar sakandare a wata makarantar kuɗi a Funtuwa. Da na nemi aikin gwamnati sai aka ce in kawo shaidar TRCN, wato hukumar rajistar malamai. Wani abokina ya ce dole in koma in yi NCE. Shekara uku fa, ga iyali. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abokin nan naka ya ɗora maka kayan da ba naka ba. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, kuma an tsara ta ne domin firamare da ƙaramar sakandare. Kai ka wuce nan. Abin da ya rage maka shi ne PGDE, wato difloma a fannin koyarwa da ake yi bayan digiri. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero duk suna yi. Idan kuma ba za ka iya ajiye aiki ba, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Ita a ƙarshen mako ake zuwa cibiyoyinta. Kana gamawa sai ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta samar. Tun 2017 ake wannan jarrabawa, a kan kwamfuta. A rajistar TRCN, masu digirin farko rukunin C ake saka su.

Amma na ji wani ɗan haushi a wasiƙarka, kamar kana cewa me za a koya wa wanda ya shekara huɗu da alli a hannu. To, ni ma haka na ɗauka. Ranar da mai duba mu ya zo makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa, na cika allo tun daga sama har ƙasa, ina ta zuba bayani, raina fes. Dattijon bai ce mini uffan ba. Da aka buga ƙararrawa sai ya kira wata yarinya daga bencin baya, ya ce ta faɗi abu ɗaya da ta fahimta. Ta sunkuyar da kai. Ya juyo ya ce in nuna masa inda na rubuta yadda zan gane ko sun gane. Babu shi a takardar shirin darasina, don ban ma san ana rubutawa ba.

Saboda haka in lokacin gwajin koyarwa ya zo, kada ka bi sahun masu kai wa shugaban makaranta fom ya sa hannu daga ofis. Ka bari a shigo ajinka a zauna a baya. Kuma kafin ka biya ko sisi, ka leƙa ofishin TRCN na jiharku ka tabbatar sun amince da inda za ka yi diflomar.