Shimfiɗar takalmi tana maganin ciwon muƙamuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Atamfa nake sayarwa a Kejetia, a tsaye nake yini. Wata 4 ke nan muƙamuƙina yana yin ƙas in na buɗe baki, da safe kuma ciwon har cikin kunne. Wani ya ce daga ƙafa ciwon ya taso, in sayi shimfiɗar cikin takalmi. Gaskiya ne? Daga wata 'yar kasuwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki fara da takalmi. Masu wannan magana suna cewa in tafin ƙafa ya baje, ƙugu zai karkata, wuya ya bi shi, muƙamuƙi ya biyo baya. Sai dai bincike bai tabbatar da cewa shimfiɗa ita kaɗai tana warkar da gaɓar muƙamuƙi ba.

Gaɓar tana dab da ƙofar kunne, shi ya sa kike jin ciwon a can. A cikinta akwai ɗan faifan guringuntsi, in ya goce daga mazauninsa ya dawo, shi ne ƙarar da kike ji. Ciwon safe kuwa galibi na masu datse haƙora a barci ne, tsokar ta kwana tana aiki. Gwada jera yatsunki 3 a tsaye tsakanin haƙoran gaba. Lafiyayyen baki yana buɗewa kamar milimita 40 zuwa 50, wato kusan faɗin yatsun nan 3.

Ki hutar da shi mako 2. A ajiye goro, cingam, ganda, rake da gasasshiyar masara, a koma koko, tuwon zaafi da kifi mai laushi, ana tauna ta ɓangarorin biyu. Gasa wurin da tawul mai ɗumi minti 15, safe da dare. Da rana leɓe a rufe, haƙora kada su haɗu, harshe a dasashin sama. In za ki yi hamma, tallabe haɓa. Ibuprofen yana rage zafin, amma ban da mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu.

In bai lafa ba, je sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye. Za su duba ko akwai turamen haƙori da suka faɗi, su iya auna miki robar da ake kwana da ita a baki. In baki ya ƙi buɗuwa, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, a tafi ranar.

Shimfiɗa tana da amfaninta ga mai yini a tsaye in dunduniya ko tafin ƙafa ke ciwo. A bari ma'aikacin gashin ƙashi ya auna ƙafar tukuna, domin bambancin tsawon ƙafafu biyu da bai kai santimita 1 ba kusan kowa yana da shi, kuma ɗaga ɓangare guda babu awo yana iya jawo ciwon baya. Ranar farko awa 2 kawai za ki sa shimfiɗar, kullum ki ƙara awa 1.