Dalilin da ya sa na mayar wa Alhaji da shaddarsa

Tun jiya na lura ranka bai so ba. Da ka ga na ninke shaddar nan kala biyar na mayar wa Alhaji a ledarsa, sai da ka raka shi da ido har ya tada mota. Yau kuma ka kasa haƙuri ka tambaya: "Maigida, azumi goma sha takwas ne fa kawai, kekuna shida gare mu, ga kuɗin haya na tafe, me ya sa muke korar aiki?" To, jawo benci ka zauna, ɗana. An ɗauke wuta, ni kuma ba zan tada janareta ba sai bayan la'asar.

Kai kekuna ka ƙirga. Ni hannun da ya fi kowane jinkiri a shagon nan nake ƙirgawa. Duk kaftanin da ya shigo sai an yi awo, an yanka, an yi masa aikin wuya da hannu, an haɗa, sannan a kai guga. Yanka nawa ne, in na tsaya da asuba zan yanka goma sha biyar kafin azahar. Haɗi kuwa ku huɗu ne, ba ku da matsala. Amma injin surfani guda ɗaya ne, mai zama a kansa ma mutum ɗaya ne, kuma ranar da wuta ta yi mana kirki wuya shida yake fitarwa. Babbar riga mai aska takwas kuwa ita kaɗai sai ta cinye masa yini har da ƙari. Saboda haka ƙarfin shagon nan kala shida ne a rana, ko da na cika shi da kekuna ashirin. Duk abin da na yanka fiye da haka tari kawai zai yi a kan tebur yana jiran layi, ƙura tana hawa.

Yanzu yi lissafin da kanka. Ni ranar ashirin da bakwai nake rufe ɗinki, don wata yana iya tsayawa a ashirin da tara, kuma dole a bar kwana biyu na gyara: wannan wandonsa ya yi tsawo, wancan wuya ya shaƙe shi. Kwana tara ke nan suka rage, tara sau shida hamsin da huɗu. Buɗe littafi ka gani, kala hamsin da biyu ke jira, uku a ciki manyan riguna ne. Ina zan cusa biyar ɗin Alhaji? Sai dai in zare kayan wani bawan Allah da ya kawo tun Sha'aban in tura baya, don kawai shi bai zo da mota ba. Alƙawari kaya ne. Na gaya wa Alhaji gaskiya, na kuma kwatanta masa shagon wani da na yaye wanda bai cika ba tukuna. Ya ji haushi jiya, amma da Babbar Sallah zai dawo, kuma da wuri zai zo.

Littafin nan da kuke yi wa dariya, kuna cewa na mayar da shago ofis, da tsada na saye shi. Shekarar da na ƙara keke na uku komai a kaina yake. Na san awon mutum da ido, na san wanda ya biya da wanda bai biya ba, ina ta alfahari da hakan. Ana saura kwana huɗu Sallah aka kawo fararen shaddoji biyu a rana ɗaya. Ɗaya Getzner ce da mai ita ya sayo a Kantin Kwari don ɗaurin auren ƙaninsa, ɗayar kuwa mai sauƙin kuɗi. Cikin dare, ga barci ga fitilar da ba ta da haske, na yanka mai tsadar a kan awon gajeren mutum. Almakashi ba ya komawa baya. Keken da na saya ɗin shi na sayar na biya yadi goma, kuma har yau mutumin nan in mun haɗu gaisuwa ce kawai.

Tun daga ranar, ba kayan da ke kwana a nan sai da lamba. Lambar tana cikin littafi, tana jikin yadin da alli, tana kan 'yar takardar da mai kaya ya tafi da ita. A gefen lambar ana manna ɗan ƙyallen yadin, a rubuta yadi nawa aka karɓa a gaban mai shi, awonsa, irin aikin da ya zaɓa, abin da ya bayar, abin da ya rage, da ranar karɓa. Masu turo hoton ɗinki ta WhatsApp ma sai an rubuta nasu, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma ba za ka tsaya laluben saƙon wata uku ba alhali mutum yana tsaye a kanka. Amfanin abin shi ne ranar da na kwanta zazzaɓi, kowane ɗayanku zai buɗe ya san abin da ke gabansa ba sai an buga mini waya ba. Shagon da maigida ne kaɗai ya san inda komai yake, a ganina, har yanzu keke ɗaya ne, ko mutum nawa ke zaune a ciki.

Sai maganar kuɗi, tunda ka ambaci haya. Na san abin da ka hango: kafin alƙalamin da Alhaji zai ajiye. Wannan kuɗin ba nawa ba ne sai ranar da ya sa rigarsa ya duba madubi ya ce madalla. Telolin da ka ga suna kulle shago suna ɓuya daren Sallah, yawancinsu ba ƙeta ba ce. Sun karɓi kafin alƙalami sun yi cefanen azumi da shi, da aka zo sayen zare da zif da fetur babu, sai su karɓi sabon aiki don su gama tsoho, a haka har igiyar ta tsinke. Ni kashi uku nake yi wa duk abin da ya shigo: na kayan aiki, na ladanku, sannan abin da ya saura in ɗauki na gida. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya, na buɗe wa shago asusu daban. Kafin nan kuɗin ɗinki da gudummawar suna da kuɗin makarantar yara duk wuri ɗaya suke faɗawa, in wata ya ƙare ban san ko riba na ci ko uwar kuɗi ba.

Farashi ma haka. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500. Telan da ya ci gaba da karɓar tsohon kuɗin ɗinki don kunyar abokan ciniki, janareta ne ya cinye shi yana ji yana gani. Shi ya sa kake ganin ina rubuta litar da muka ƙona kowace rana, in raba ta a kan kayan da suka fita.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi. Mutane ba don mun iya haɗa kafaɗa suke tsallake shaguna goma su zo nan ba, kowa ya iya wannan. Wuyan da muke fitarwa suke bi. Sabon zane kuwa ba ya zuwa wa mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, tsohon da hannunsa ya saba shi zai yi ta maimaitawa. Ka kuma san halin garin nan, wuyan da ka fitar yau, mako biyu ya isa ka gan shi a jikin mutane daga Fagge har Hotoro. Don haka makon da ke bin Sallah, kafin ankon bukukuwan Shawwal su taso, na ware shi don zane da gwaji a kan ragowar ƙyallaye. Gyaran kekuna da sayen zare kuwa tun Rajab da Sha'aban ake gama su, da sanyin safiya ake kama fara.

In kana so baɗi mu karɓi irin na Alhaji, ba keke na bakwai za mu saya ba. Injin surfani na biyu za mu saya, adashin da nake zubawa ma na shi ne, kuma kai nake so ka zauna a kansa. Na ga yadda kake leƙen hannun yayanka in yana zagaye wuya. Daga bayan Sallah kullum in an yi azahar ka bar haɗi ka koma kusa da shi, ka fara da bakin aljihu da hannu, wuya sai ya ce ka isa.

Ga wuta nan an kawo. Tashi ka duba lamba talatin da ɗaya, mai ruwan toka, jibi mai ita zai zo kuma ban ga an sa mata maɓalli ba.