Amsa: Ko hanyar Freud za ta iya gano nufin masu zanen kogo?

Malam, ka tambaya ko za a iya amfani da nazarin zuciya irin na Sigmund Freud, likitan nan ɗan ƙasar Austria, a gano abin da masu zanen kogo suke nufi. A ganina sai an yi hattara. Hanyarsa tana buƙatar mutum mai rai da zai yi magana, ya kuma musanta fassarar da aka yi masa. Wanda ya yi zane a kogon Chauvet na Faransa shekaru kusan 36,000 da suka wuce ba zai ce maka "ba haka ba ne" ba, don haka mai fassara yakan ɗora masa tunaninsa ne.

Dubi Lascaux, wani kogon mai zane a Faransa. An daɗe ana cewa sihirin farauta ne, mutum ya zana dabba don ya same ta. Amma ƙasusuwan abincin da aka tono a wurin yawancinsu na barewar ƙasashen sanyi ne, alhali dawakai suka fi yawa a bango. Ashe abin da suke ci daban, abin da ya cika musu zuciya daban. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa alama suke yi da dabbobin.

Batun amanar kula da zanen ya fi damuna. An buɗe Lascaux a 1948, numfashin baƙi da ɗumin jikinsu suka jawo gansakuka da farin ɓawo a kan zanen, aka rufe shi a 1963. In ka je ganin zanen duwatsu a Birnin Kudu ko Dabous ta Nijar, kada ka taɓa dutsen, kada ka yayyafa ruwa don hoto ya fito, kada ka bi layin da alli, domin hakan yana cinye launi, ya kuma ɓata gwajin shekarun zanen.